Dan Allah 'yan Zariya, a ina ake samun tuwo na mutunci a garin nan?

Bakon_Palladan ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga mutanen Zariya da wadanda suka dade a cikinta. Ni mutumin Bauchi ne, canjin wajen aiki ya kawo ni, na kama daki a Palladan, iyalina kuma ba za su taso ba sai yara sun gama zango na uku don bana son a raba musu shekarar karatu. To tunda na zo abincina bai wuce teburin mai shayi ba, indomi da kwai safe da dare, da rana kuma shinkafa da miya a tekawe wadda yaron ofis yake siyo min, ban ma san inda ake dafa ta ba balle in san wace ce mai dafawar. Wlh cikina ya gaji. Tuwo nake so, na masara ko na dawa, da miyar kuka ko busasshiyar kubewa wadda ta ji daddawa da man shanu, ba wadda aka dankara wa magi har kana ci harshenka na zafi ba.

Sannan abu na biyu wanda ya fi damuna ma, baffana zai zo ganin likita a asibitin koyarwa na Shika kuma a wajena zai sauka, dattijo ne yana fama da suga da hawan jini. Ba zan iya kai shi in zaunar a benci bakin titi kura na zuba a kwano ba, manyan wuraren nan na wajen PZ da GRA kuma da na leka soyayyar shinkafa ce da kaza da su shawarma, na san ko kallo ba za su ishe shi ba. Ina zan dosa? A taimaka da shawara, Allah ya saka da alheri.

Tsohon_dan_Suleiman ya rubuta:

Wa alaikumus salam, sannu da zuwa dan uwa. Ni a ABU Samaru na yi karatu kuma aiki ya rike ni a garin har yau, to bari in fada maka abin da na sani.

Farko dai ka daina neman allo, yawancin masu tuwo mai kyau a Zariya ba su da suna a rubuce, rumfa ce ta kwano ko zauren gida da labule da benci biyu, sai dai a ce maka "wajen matar nan ta bayan gidan mai". Kuma lokaci ne sirrin abin. Tuwon rana daga azahar zuwa kafin la'asar yake da zafinsa, ka wuce haka sai ka tarar miya ta kare an tsinka ta da ruwa, na dare kuma ana idar da magariba ake sauke shi, kafin isha'i layi ya kama. In ka je karfe goma na dare ka ce abincin Zariya ba dadi to ba ka yi mata adalci ba.

Kowane bangare kuma da irin nasa. Samaru tun daga babban get har zuwa get din arewa, da cikin makaranta wajen kasuwar da dalibai ke ce wa Community Market, abincin dalibai ne, garau-garau da mai da yaji, taliya, dan wake, awara, shinkafa da miya, akwai araha da yawa amma an fi kula da cika ciki. Jami'ar nan tun 1962 take, garin Samaru kusan a kanta yake rayuwa, lokacin yajin aikin ASUU na 2022 da aka yi wata takwas na ga masu abinci da yawa sun rufe, wasu har yau ba su dawo ba, wata baiwar Allah da muke cin dan wake a wajenta komawa kauyensu ta yi. Kongo, wato daya harabar jami'ar, ma kusan haka ne sai dai ita tana jingine da Tudun Wada da Gyallesu, to akwai 'yan gari da ke rike kasuwar ko dalibai ba sa nan.

In sakwara kake so ko amala ko teba da agushi to Sabon Gari ne gidansu, dama tun zuwan jirgin kasa wajen 1911 mutanen kudu suka zauna a nan, Yarbawa da Ibo da Nufawa, akwai bukokin da uwa ta bar wa 'ya, 'ya ta bar wa jika. Sai dai ka bude baki ka yi tambaya kafin ka zauna, wasu wuraren ana hadawa da sayar da giya kuma ba kowane nama ne za ka ci ba, amma akwai Yarbawa Musulmi birjik masu abinci mai tsabta, da ka shiga za ka gane.

Tuwon Hausa na gaske kuwa ni Tudun Wada nake zuwa, sai kuma bakin tashoshin mota. Kai da kake Palladan ai Kwangila kusa take da kai, keke daya ne. Ka tsaya ka lura da inda direbobin doguwar tafiya suke shiga, mutumin da yau ya ci a Kano gobe a Funtuwa jibi a Jos ba a yi masa wasa da miya.

Kuma kar ka bar garin nan ba ka sha fate ba. Kanawa su yi ta tsokanarmu da shi, mu dai mun san abin da muke sha, faten tsaki da yakuwa da alayyahu da gauta da dakakkiyar gyada, a yanka albasa danya a kai, ranar da ake ruwa ba abin da ya kai shi.

Maman_Yara_TWada ta rubuta:

Salamu alaikum, Malam sannu da bakunta. Ni sana'ana kenan abincin sayarwa, a wajen mahaifiyana na gada, to da na ga maganan magi sai na ji ba zan iya shiru ba.

Gsky ne muna sa magi, amma ku tambaya me ya sa. Da can kashi da tantakwashi muke zubawa a tukunyan miya tun safe su yi ta dahuwa, romon shi ne dandanon, ga daddawan kalwa mai kyau ga man shanu daga hannun Fulani. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kudin mota ya hau kan buhun masara ya hau kan kwandon tumatur, gas ya gagara muka koma gawayi shi ma gawayin ya bi sahu, ruwa kuma kun san halin Zariya sai dai mai kura ya kawo maka jarka-jarka ka biya. Ko cittan da muke sa wa zobo da lamurje sai da ta yi tsadan da ban taba gani ba bayan cutan da ya kama gonakin kudancin Kaduna a shekaran 2023. Kwastoma kuma in kika kara masa ko naira hamsin a malmala gobe ba za ki gan shi ba. To ya za mu yi? Wata ta rage girman malmala, wata ta rage nama, wata ta kara magi don miya ya yi baki. Ga bashi, akwai littafi guda a wajena na ma'aikata masu cewa sai karshen wata, wasu su biya wasu a canza musu wajen aiki su tafi da kudinki, ga masu nuna miki taransifa a waya kudi bai shigo ba ana tsakiyan cunkoso.

Shawaran da zan ba ka Malam, ka zama dan gida a waje daya. Ka zabi mace daya da abincinta ya kwanta maka, ka gaishe ta da mutunci, ka sayi kula mai kyau mai hawa biyu ka kai mata da safe in za ka ofis, ka ce Hajiya ga kulana a zuba min na dare. Wanda ya ajiye kula shi ake fara kwashe wa, daga saman tukunya kafin a fara jagwalgwala miya da ludayi, kuma ba a daure masa tuwo a leda. In kana son miya ba magi ka fada tun safe, kafin mu zuba dandano sai a debi naka a karamin tukunya a kada maka daban da daddawa da citta da dan kifi busasshe, za ka kara wani abu kadan amma wlh sai ka dauka a gidanka aka yi. Muna yi wa masu hawan jini haka da yawa, ba sabon abu ba ne.

In kana son gane tuwo mai kyau kuma ka gutsura ka duba cikinsa, in ka ga gudaji fari-fari na gari to ba a bar rude ya dahu ba aka tuka, gaggawa aka yi don a rage cin gawayi, irin shi ne yake kumbura ciki. Tuwon da ya dahu yana da sulbi, baya manne wa hannu, kuma ko ya kwana aka yi dumame baya saki. Miyan kuka kuma ka duba launinsa, kukan bana kore ne shar, in ya yi baki-baki to tsohon kuka ne ko an cika kanwa.

Dattijon_Ƙofar_Doka ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ɗana, na karanta tambayarka, jikana ne ya nuna mini. Maganar cin abincinka kai kaɗai, abin da waɗannan suka faɗa ya isa, gwauro na wucin gadi ba laifi ya sayi tuwo. Amma maganar baffanka ita ta tsaya mini a rai.

Mu a cikin birni ba mu saba kai baƙo dattijo gidan abinci ba, ballantana wanda ya zo neman lafiya. Baƙonka ai baƙon unguwa ne. Kana sallah a masallacin layinku ko? To bayan sallar asuba ka gaya wa liman ko maƙwabcinka na kusa cewa baffanka zai zo jinya kuma iyalinka ba su iso ba. Ka faɗa kawai ka yi shiru. In dai Zazzau ɗin da na sani ce, kwanuka za ka gani suna shigowa har ka rasa inda za ka ajiye. In kunya kake ji, ka auno garin da za a tuƙa da kayan miya da nama ka aika gidan maƙwabcin ta hannun maigidan, ka ce a taimaka a sa hannu, wannan ba roƙo ba ne, zumunci ne, kuma in matarka ta zo ta tarar da gidan da za ta fara shiga gaisuwa. Tuwon girma miyarsa nama, dattijo ya ci a ɗaki a kan tabarma, ya miƙe ƙafa, ya yi alwala a natse ya sha maganinsa ba mai kallonsa.

Ban ce masu sayarwa ba su da amfani ba, Allah ya yi wa sana'arsu albarka, ko a nan cikin ganuwa daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo har Ƙofar Gayan akwai gidajen da aka san su da waina da ƙosai da koko tun muna yara, mace tana cikin gidanta tana soyawa yara na shiga da kwano suna sayowa. Abin da ban saba da shi ba shi ne magidanci ya bar tuwon gidansa ya je ya zauna a rumfa, yanzu kuwa ina gani ya yi yawa, wani ma ya ci nama a waje ya goge baki ya shiga gida yara na cin gaya. Wannan kam ba na jin daɗinsa.

Anti_Nas ta rubuta:

Baba Allah ya kara girma, maganarku gaskiya ce, sai dai Palladan ba kamar cikin birni ba ce, yawanci 'yan haya ne ma'aikata da dalibai da mutanen kwalejin jiragen sama, wani shekara guda bai san sunan na dakin kusa da shi ba. Ya gwada dai, in an dace falillahil hamdu.

Ni ta bangaren lafiya zan yi magana don aikina kenan. Dan uwa duk inda za ka ci ka fara kallon ruwa kafin ka kalli tukunya. Ina ake wanke kwanuka? In ka ga baho daya ne tun safe ruwan ya koma ja da manja ana tsoma filet ana fitarwa to ka juya. Wajen wanke hannu ma haka, buta da sabulu a zuba maka ya fi roba daya da mutum goma suka tsoma hannu. Abinci mai zafi da aka sauke yanzu ba shi ne ya fi kawo matsala ba, abin da ke kwantar da mutane shi ne su salak da kabeji da aka yanka tun safe aka wanke da ruwan da ba a san asalinsa ba, da zobo da kunun aya na kulli, da shinkafar da ta wuni a kula ta yi dumi-dumi. Da damina ta kankama muke fara ganin amai da gudawa da taifot, yawanci ta ruwa ne da hannu. Kuma ina goyon bayan Maman Yara kan kula, daure tuwo mai zafi a leda ba dabi'a ce mai kyau ba duk da ta zama ruwan dare.

Baffa kuma, kar ka yanke masa abinci da ka, likitansa zai fada masa abin da zai ci da yawansa, a asibitin ma akwai masu ba da shawara kan abinci ku nemi ganinsu. Abin da dai aka sani shi ne a rage gishiri da magi saboda hawan jinin, a yawaita ganye, zogale, alayyahu, rama, kuma malmala kar ta yi girma ko da ta alkama ce ko acca, don mutane na dauka in dai acca ce sai a ci iya ci, ba haka ba ne. Lemon kwalba da shayi mai suga a ajiye su. Sannan ka kira ka tambaya tun kafin ranar ko akwai gwajin jinin da ake so ya zo bai karya ba, kar ka cika shi da koko da asuba a ce ku dawo gobe. Ku fita da wuri, Shika gaba da Samaru take a hanyar Funtuwa kuma layin kati baya jira, ka rike masa abin karyawa a kula da ruwan gora, yana gama gwaji ya ci, mai suga ba a barinsa da yunwa. Akwai mata masu abinci a wajen get amma an fi yin shi don 'yan jinya masu lafiya, mai da gishiri ba a cewa komai.

Direba_Kwangila ya rubuta:

Slm. Wanda ya ce a bi direbobi ya yi gsky amma ba kowane direba ba, yaran mota da 'yan kamasho duk abin da ya samu ci suke, ka duba inda manya masu furfura suke zama. Kuma mu muna da ka'ida, in mai abinci ta canza hannu wato ta bar wa yara girkin ita tana zaune tana karban kudi, sati daya ya isa mu gane mu kaura.

Malam na Bauchi na san ku da masa ba a ja da ku, na sha ci a can, amma ka fito da sassafe Tudun Wada ka samu waina tana fitowa daga tanda, gefenta ya yi kurus cikinta laushi, a zuba maka miyan taushe mai kabewa da gyada da dan tantakwashi, ka ci ka zo ka ba mu labari. Kafin tara ta kare fa. Da daddare kuma balangu da tsire nan wajen Agoro zuwa cikin Tudun Wada, ka tsaya a yanka maka wanda ke kan wuta kana gani, kar ka yarda da wanda aka riga aka nade a takarda.

Bakon_Palladan ya rubuta:

Kai jama'a na gode kwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na ji maganarku kuma na karba, akwai wani malamin makaranta da muke sahu daya kullum da asuba, gidansa na kallon namu, zan same shi in sha Allah. Anti na gode da tunin gwajin nan, zan kira baffa yau ya duba takardar da aka ba shi. Maman Yara tambaya daya, in makwabcin bai samu dama ba, ana samun mai yin tuwon acca ko faten acca na sayarwa kuwa? Don shi baffa ya fi so, kuma ban gan shi a ko'ina ba tunda na zo.

Maman_Yara_TWada ta rubuta:

Da wuya ka samu a rumfa Malam, acca tana da tsada kuma ga aikin rairaya, in ba a wanke ta da kyau ba yashi ne zalla, shi ya sa ba mai dora ta don kasuwa sai dai oda. Ka shiga kasuwan Sabon Gari layin masu hatsi ka tambayi matan da ke kawo ta daga Filato da kudancin Kaduna, ka ce wankakkiya kake so, ka dan tauna kadan a wajen ka ji ko da yashi kafin ka biya. Rabin mudu zai ishe shi kwanakin da zai yi. Ka hada da zogale da alayyahu da gauta da dan busasshen kifi ka kai wa wadda za ta dafa tun jajibiri, ka gaya mata gishiri dan kadan ba magi. Kuma in ranan ya fada Juma'a ka tambaye ta tukuna, da yawanmu ba ma dora tukunyan rana ran Juma'a sai bayan an sauko masallaci.